Buhu Sittin na Affala

Ran Litinin da hantsi aka gano dusa buhu arba'in ta yi ƙafa daga mangaza, wato ɗakin ajiyar kaya, ta ƙungiyar makiyaya a Tawa. Ordinata, wato kwamfuta, ta ce an kai wa ƙauyen Affala buhu sittin, Affala ta ce ashirin ta gani. Kuma tsakiyar bazara ce, shanu sai haƙarƙari.

Kafin Ajidan Almustafa na jandarma ya iso, shugabanni sun riga sun yanke hukunci: Hasiya ce. Ita ta haɗa na'urar da ke karɓar buƙatun ƙauyuka daga waya ta miƙa su mangaza. Dama abin da mutum bai gane ba shi yake fara zargi. Sun ce in gari ya waye ta ajiye aiki.

"Gwada mini yadda abin ga ka aiki," in ji Almustafa.

Hasiya ta buɗe ordinata. "Wakili na aiko buƙata, na'ura ta amsa, takardar hidda kaya ta hito mangaza. Ga ta Affala nan. Sau ukku tash shigo, cikin minti biyu, kowace buhu ashirin."

Ya buga wa Aghali, wakilin Affala.

"Wallahi buƙata guda ta," in ji Aghali. "Rezon waya ne babu. Sai na hau tudu, in latsa, in ƙara latsawa har in ga ta tahi."

Direban kamyon da ya kai dusar ya rantse sau ɗaya ya yi lodi, mai gadi ya shaide shi. Saura Yunusu mai mangaza, dattijo, shekara goma sha tara ko allura ba ta ɓata a hannunsa ba.

"Malam Yunusu, kawo takardun."

Ya kawo uku. Almustafa ya jera su bisa buhu, ya daɗe yana kallo.

"Hasiya ta yi kuskure, ba ta koya ma na'ura gane buƙatad da anka maimaita ba. Amma na'ura ba ta ɗaukar buhu. Aghali da rubutun Buzaye yaka sa hannu, ga shi ga ta hwari. Waɗanga biyu da boko anka rubuta sunanai. Wa ad da alƙalami nan in ba kai ba?"

Yunusu ya zauna ƙasa. "Shanun ƙanena na, can Barmu. Bakwai sunka hwaɗi cikin sati guda. Sai ga takardu biyu sun hito babu mai su. Da amalanke na hidda, lokacin da mai gadi ya tahi Juma'a."

Tausayi ya kama Almustafa, don shi ma ɗan makiyaya ne, ya san kukan saniyar da ta kasa tashi. Ya mayar da ankwa aljihu, ya ce su taka a hankali zuwa mota.

Hasiya ta tare su a ƙofa. Yunusu ne ya kawo ta aikin nan, shi ya tsaya mata.

"Baba," ta ce, "ɗazu kana tsaye anka ce mini ɓarauniya."

Yunusu ya sunkuyar da kai, ya shiga mota. Har motar ta tashi bai ɗaga kai ba.