Daminar da Littattafai Suka Shiga Gidaje

Ƙawata, matso kusa ki ji.

A wani ƙaramin gari, can da daɗewa, akwai ɗakin karatu da wata dattijuwa ke kula da shi. Damina ta kawo kai, rufin kuwa ya tsage. Dattawan da ke riƙe da ɗakin suka ce babu kuɗin gyara, sai dai a kulle.

Ta ce, "Ranku ya daɗe, ruwa zai cinye littattafan. Ku bari in raba su gida-gida."

Babbansu ya yi dariya. "Iya, ƙosai za a naɗe da su! In ɗaya ya ɓata, ki ajiye makulli."

Ta ce ta yarda. Ta shiga gidan masaƙa, ta ce, "Amana ce, a ajiye inda ake ajiye zanen Sallah." Ta shiga gidan maƙera, ta ce, "Amana ce." Har mai ƙosai ta samu nata.

Ruwa ya yi ta zuba, yara suna karanta wa iyaye. Da kaka ta yi, sai ga gari ya fito gayya, kowa da littafi a hannu da azara a kafaɗa. Mai ƙosai ta warware zanen Sallarta a gaban babban, ta miƙa masa littafin, ta ce, "Alhaji, shinshina. Ka ji ƙanshin mai?"

Da ikon Allah ko ɗaya bai ɓata ba. Alhaji ya tuɓe riga, shi ya ɗora azarar farko.

Ki rufa masa asiri, ƙawata, kada ki gaya wa kowa shi ne ya ce ƙosai za a naɗe da littattafan.