Lefen Zinnira a Bakinta Yake

"Akwati biyu fa kika ce, Zinnira. Biyu."

"Biyu na ce, Mahbub. Ko sai na rubuta maka a allo?"

Suna zaune a zauren mahaifinta, Malam Dalhatu, a Gwarzo, an tashi ɗaliban yamma ke nan. Saura wata biyu a ɗaura musu aure. Kamar kullum, ta ja gefen hijabinta ta kare baki tana magana. Shekarar Zinnira ashirin da takwas, ita ke koyar da tajwidi a Islamiyyar gidansu, amma kaf unguwar babu mai iya cewa ga yadda dariyarta take. Haƙoranta na sama sun hau juna, biyu na gaba sun turo leɓe. Tun tana aji uku yara suka laƙa mata Zomo, sunan kuwa ya bi ta har girma.

Makon jiya ta je Kano wurin likitan haƙori, ba ta shawarci kowa ba. Ya ce ba ta makara ba, ɗan shekara arba'in ma ana gyara masa. Ƙarfen da ake ɗaurawa a haƙori, mai arhar ke nan, dubu ɗari takwas. Mai launin haƙori miliyan ɗaya da rabi. Na roba wanda ido ba ya gani kuwa, da ya ambaci miliyan uku sai ta ce masa ya bar sauran bayanin, kada ya wahalar da yawunsa. Ta zaɓi ƙarfen. Shekara biyu zai yi a bakinta, duk wata ta je Kano a ƙara ɗaure shi.

"Abin da ka tara na akwati shida," ta ce, "ka yi biyu. Sauran ka biya likita."

"Masoyiyata, ni fa a haka na gan ki, a haka nake son ki..."

"Na sani. Shi ya sa ban ce don kai zan yi ba."

Mahbub taki da irin shuka yake sayarwa a kasuwar Kabo, mutum ne da bai iya musu ba ko da mai saye.

"Inna Ladidi fa?" ya ce a hankali. "Ita ta goya ni tun rasuwar mahaifiyata. Shekara biyar tana burin ranar da za ta shigo Gwarzo da akwatunan ɗanta. Idan na kai biyu, da wane ido za ta kalli matan garinmu Gude?"

"Ni da wane baki nake kallon duniya? Atamfa talatin za ka lulluɓe ni da su, ni kuma in ci gaba da lulluɓe bakina a cikinsu? Na gaji, Mahbub. Wallahi na gaji."

"Idan Inna ta ƙi fa?"

Tana son sa so na gaske. Amma ta ce, "To ka nemo wadda za ta cika akwati shida."

Ya tashi, ya sa takalminsa, ko sallamar kirki bai yi ba.

Cikin gida ma ba ta sami sauƙi ba. Gwaggo Uwaliya, ƙanwar Malam, wadda kunnenta ba ya barin maganar zaure ta wuce shi, ta tare ta a tsakar gida.

"Amarya da linzami kamar doki? Ke yanzu, kin samu mai so da ƙyar, shi ne za ki kore shi? Kuma canza halittar Allah a gidan malamai?"

Malam yana alwala a gefe. Bai ɗago ba ya ce, "Gyaran abin da ya karkace ba canza halitta ba ne, Uwaliya." Ya ci gaba da alwalarsa.

Kwana tara Mahbub bai kira ba. Zinnira ta yi kuka har idanunta suka kumbura, ta ɗauki waya sau ba adadi ta ajiye. Amma ba ta kira ba, taurin kai dai a jininta yake.

Ran na goma aka aiko daga Gude, gobe za a kawo lefe.

Washegari tana ɗaki, yadda al'ada ta tanada, amarya ba ta fitowa gaban masu kawo lefe. Ta taga ta leƙa ta ga ana sauke akwatuna. Shida cif. Ashe Mahbub Inna ya zaɓa.

Aka shimfiɗa tabarmi, aka yi gaisuwa mai tsawo, aka tambayi hanya da gajiya da mutanen gida. Gwaggo ta buɗe na farko, atamfofi da leshi. Na biyu, mayafai da takalma. Na uku, wayam. Na huɗu ma haka, na biyar ma haka. A ƙaramin na ƙarshe sai wani katin asibiti guda ɗaya, da sunan Zinnira a jiki, an buga hatimin an biya.

Mata suka kalli juna.

Inna Ladidi, fuska a murtuke, ta ce, "Shi ya kafe a kan kati, ni na kafe a kan shida. 'Yan titi dai sun ga shida."

Gwaggo ta miƙe tana huci. "Akwati wayam a gidan Malam Dalhatu? Wannan cin fuska ne. Ku kwashe kayanku, 'yarmu ba ta yi kwantai ba!"

Matan Gude suka fara gyara mayafai. Idan akwatunan nan suka fita ƙofar nan, aure ya fita tare da su, kowa ya san haka.

Sai labule ya ɗaga.

Zinnira ta fito tsakiyar mata, hannuwanta biyu a sake, bakinta a buɗe. Wasu suka riƙe haɓa.

"Gwaggo, a bar kayan. Ni na ce a yi haka." Ta durƙusa gaban Inna Ladidi. "Inna, sannunku da hanya. Lefe ya cika, babu abin da ya yi saura. Sauran a bakina za a sa shi, kullum kuwa za ki riƙa ganinsa a Gude."

Inna ta ƙura wa haƙoran ido, ta daɗe. Sannan ta ce, "Yarinya, ashe abin da kike ɓoyewa ke nan? Ni ai na ɗauka girman kai ne." Ta kamo hannunta. "Tashi, kada gwiwarki ta yi ciwo."

Daga bakin zaure muryar Malam ta shigo.

"Uwaliya, ki ba su tukuici. Tana shekara goma sha biyu likita ya faɗa min kuɗin gyaran nan. Na ce za ta girma ta saba, na yi wa makaranta rufin kwano da kuɗin. Ba ta saba ba... Yaron nan ya yi abin da ni na kasa."

Hawaye suka zubo wa Zinnira. Ba ta taɓa sanin wannan ba.

Ranar da aka kai ta Gude, ƙarfen yana da sati uku a bakinta, ko naman bikinta ba ta iya taunawa. Mahbub ya zauna gabanta da kofin kunu.

"Kwana tara ina lallashin Inna," ya ce. "Ke kuma ko kira ɗaya."

"Da na kira, da ka ce na sauko."

"Yana da zafi, amaryata?"

"Sosai ma."

"Kin yi nadama?"

Sai ta fashe da dariya, ƙarfe yana ta walƙiya. Hannunta ya tashi zai kare baki kamar yadda ya saba shekara ashirin. Ta tsayar da shi a hanya, ta miƙa ta karɓi kofin kunun.