Abin da Auta Ta Ji a Bayan Labule

Auta ba ta iya riƙe magana ba. Shi ya sa yayanta yake ce mata Rediyo.

Mamanta nas ce a asibitin jami'a. In an tashi makaranta, Auta kan zauna a benci kusa da ɗakin likita, tana jira su tafi gida tare.

Mama na da wani hali. In ta haɗu a hanya da wanda ta yi wa allura da safe, ko "ya jiki" ba ta ce masa.

"Mama, mantuwa gare ki?" in ji Auta.

"A'a. Abin asibiti a asibiti yake kwana."

Wata rana Auta ta ji murya a bayan labule. Doguwa ce, wadda suke zama benci ɗaya a aji. Ta zo da babanta.

"Farfaɗiyar ta yi sauƙi," in ji likita. "Amma kada ta daina shan magani."

Washegari maganar ta hana Auta sakat. Ta raɗa wa ƙawarta.

"Kada ki gaya wa kowa fa!"

Ina! Kafin a tashi, aji duka ya ji. Wani ya ce ana ɗauka. Yara suka dare daga kusa da Doguwa. Ta ɗauki jakarta, ta fita tana kuka.

Ba ta dawo ba. Kullum Auta ta dubi wurin zamanta, sai ta ga babu kowa. Sai wata maƙwabciyar Doguwa ta kawo labari.

"Ta ƙi shan magani. Ta ce ita da asibitin nan har abada, tunda nas ta tona mata asiri."

A gida Auta ta kasa cin abinci.

"Mama, in mai farfaɗiya ya bar magani, me zai faru?"

"Zai iya faɗuwa ko'ina, ko a titi ko kusa da wuta. Me ya sa kika tambaya?"

Auta ta fashe da kuka, ta faɗi komai.

Mama ta ce, "Ciwon mutum amana ne. In ya ji tsoron za a yi da shi, zai ɓoye har ya yi masa illa. Sa takalminki."

Suka tafi gidan su Doguwa. Auta ta durƙusa a gaban baban Doguwa.

"Baba, ba Mama ba ce. Ni ce. Ku yafe mini."

"Magana zarar bunu ce, 'yata," in ji shi. "Ni na yafe. Saura ita."

Doguwa ta share hawaye. "In na dawo, wa zai zauna kusa da ni?"

"Ni. Ko kin kore ni ba zan tashi ba."

A gabansu Doguwa ta sha maganinta. Da yardarta, Malama ta bayyana wa aji cewa ba a ɗaukar farfaɗiya.

Auta ta gane cewa sirrin majiyyaci nasa ne, shi kaɗai ke da ikon faɗa.

Bayan haka yayanta ya tsokane ta. "Rediyo, wa kika gani a asibiti yau?"

"Na ga benci da labule," in ji Auta.