Mahaifar da Aka Ɗaure a Takarda

Tana tsaye a bakin ƙofa da ƙullin kayanta, hawaye wani na korar wani, ɗanta kuwa yana tsala ihu a hannun yayar mijinta. Wayyo maraici! Ba uwa ba uba, wa zai tsaya mata? Laifinta ɗaya: tun da aka yi mata tiyata aka ciro yaron, ciki bai sake zuwa ba. Yayar miji, sarauniyar shisshigi, ta ja ta asibiti, ta sa ƙawarta ma'aikaciyar jinya ta karanto fayil. Ga shi nan ɓaro-ɓaro: an ɗaure mahaifa bisa roƙon mai haihuwa!

"Wallahi Yaya ban roƙi kowa ba... ko hayyacina ba na ciki!"

"Rufe mana baki, munafuka! Takardar likita ce za ta yi ƙarya? Kin kashe wa ƙanina zuri'a, kina ta sumsum da kai!"

Ta dubi mijin. "Baban yaro, kai ma ka yarda?" Gogan naka ya sunkuyar da kai kamar an jiƙa kaza, ya ce ta tafi, yaron kuma ya zauna.

Wata tsohuwar maƙwabciya ce ta ba ta tabarma. Baiwar Allah ta shiga wankau a gidajen mutane, ga yunwa, ga gorin unguwa, ga kewar ɗa mai cin zuciya, kullum addu'arta: "Ya Allah, Kai ne shaidata..." Ran nan jiri ya kwashe ta a bakin famfo, aka kai ta asibitin nan dai. Ashe da ciki aka kore ta, har ya fara motsi!

Babbar likita ta duba fayil, ta duba hoton ciki, ta sa aka kira ɗalibin likitan da ya yi rubutun. Ya zo yana zufa. Ashe ɗabi'arsa ce sai an gama duk tiyatar yini yake zama ya rubuta bayanansu a dunƙule, yana kwafar na wannan yana zuba wa waccan. Matar da aka shigar kafin ita ce ta roƙi ɗaurin.

"Layi ɗaya ne kawai, ranki ya daɗe..."

"Layi ɗaya? Aure ka kashe!"

Aka dakatar da shi, aka sallami mai jinyar da ta tona fayil. Mijin kuwa da labari ya kai masa, da kansa ya watso wa yayarsa kaya waje, unguwa na kallo. Ya zo da yaron ya durƙusa yana kuka, "Ki yafe mini, ki dawo ɗakinki."

Ko kallo bai ishe ta ba. Ta miƙa wa yaron hannu, "Zo, ɗana..." Yaron ya noƙe, ya ɓuya bayan ubansa, ya manta ta! Ta fizgo shi ta rungume, yana ture ta tana ƙara ƙanƙame shi.

"Ka je," ta ce wa mijin. "Na bar ku da Allah. Wannan dai ko takarda dubu za ku kawo, ba mai sake raba ni da shi."