Gonar da Ta Huta Shekara Tara

Da hantsi aka kira Insfekta Teofilo Ccama zuwa wani ƙauye a saman duwatsun Kusko. Masu kaftun gonar dankali sun tono ƙasusuwan mutum, naɗe cikin jan bargo.

Wata mata, Basilia, tana durƙushe a bakin ramin, ko kuka ta kasa.

"Ni na saƙa bargon nan," ta ce. "Na mijina ne, Eleuterio. Shekara tara ina tsine masa, an ce ya bi wata mace birnin Lima."

"Wa ya ce?"

"Wansa, Baba Fermin. Shi ya ga shigarsa mota."

Insfekta ya dubi gonar. Shi ma ɗan manoma ne, ya san ƙa'ida: in an haƙe dankali, a bar gona shekara bakwai, tumaki su kwana a kanta su zuba taki, sannan a dawo. Bakwai fa, amma wannan sai da ta huta tara.

Ya tare wani tsohon makiyayi.

"Me ya ƙara wa gonar nan shekara biyu?"

"Yallaɓai, tun bara waccan ƙasa ta yi baƙi wuluk, sai ƙamshi. Amma Baba Fermin ke duba gonakin gari, shi ke cewa a shiga. Kullum sai ya murza ƙasar ya ce da saura. Bana jama'a suka gaji, suka shiga ba izininsa."

An sami Fermin a bakin garkensa, ya rame kamar kara.

"Baba, wace mota ƙanenka ya shiga?"

"Ta Laraba, mai kayan kasuwa."

"Na tambaya. A shekarar ruwa ya cinye hanya, wata huɗu mota ba ta hawo ba."

Sai Fermin ya fasa ƙwai.

"Takin kanti ya kawo, wai zai sake shuka a gonar da ta gaji. Na ce zai kashe ta. Muka yi cacar baki, haƙuri nake ba shi... fartanya na hannuna." Ya ɗebi ƙasa ya murza. "Duk ƙasar da na murza, shi nake ji a ciki."

Da aka sa masa ankwa, Basilia ta tare hanya. Ba ta ɗaga murya ba.

"Yaya, kowace Lahadi a gidana kake cin abinci. Ina zagin ƙanenka, kana ce mini in ƙara maka miya."