Iyaka a Tsakar Gidan Baba Tizhe

"Ba zan ba shi ba!"

Baba ya buga sandarsa a ƙasa har kajin da ke gindin rumbu suka watse.

Ina durƙushe gabansa da kwanon kunu. Elkana kuwa yana tsugunne a bakin ƙofa, ya cire hula, gumi sai bin sanƙonsa yake yi.

"Baba, ka sha kunun tukuna..."

"Ba na sha! Rut, gaya wa tela nan ya tashi. Uwar shi ɗan Kamaru ne!"

Ni ce Rut ɗin. Shekaruna arba'in da ɗoriya, ɗoriyar kuwa ba ruwan kowa da ita. Mijina ya daɗe da rasuwa, 'ya'yana mata biyu suna ɗakunansu. Tun da mahaifiyata ta rasu na sauko da Baba Tizhe daga duwatsun Michika zuwa gidana a unguwar Wuro Patuji da ke Mubi, amma bai yi mako ba ya fara kiran gidan nasa. Ni ke yi masa wanka, ni ke yanke masa farce, ni ke shan faɗa in gishiri ya yi yawa, in ya yi kaɗan ma ni ce.

Elkana tela ne a kasuwar Mubi. Matarsa ta rasu ta bar shi da tsohuwarsa, Mama Kwaji, wadda ƙafafunta suka daina aiki amma bakinta ko gezau.

A layin karɓar magani muka haɗu. Shi ya goyo tasa a bayan keke, ni ina jan nawa da sanda.

"Naki ya ci abinci jiya?" ya tambaye ni.

"Ya ci, ya zage ni. Taka fa?"

"Ta zage ni, ba ta ci ba."

Daga nan ne fa. Wasu da turare ake sace musu zuciya, ni da hirar maganin ciwon gwiwa aka sace tawa.

Sai dai tsofaffinmu suna da tsohuwar gaba. Ranar ƙuri'ar 1961, da aka tambayi mutanenmu ko Najeriya suke so ko Kamaru, Baba ya zaɓi Najeriya, Mama Kwaji ta zaɓi Kamaru don danginta na bayan dutse. A kan layi suka yi cacar baki har ta ce masa mai kunnen jaki. Shekara goma ke nan, kowa ya manta ya kama noman gyaɗarsa, ban da su biyun.

"Baba," Elkana ya ce, "ni dai ina son Rut. Abin da ka ce zan yi."

Baba ya dube shi daga sanƙo zuwa tumbi. Na ga idonsa ya yi wani ƙyalli.

"A dutsen mu, saurayi ba ya ɗauka yarinya sai ya yi wa uban ta noma. Ni na yi wa uban uwar ta. Ga gona na can bakin mayo, rafi namu nan. Ka nome shi duka, kai kaɗai."

"Zan nome, Baba!"

"Elkana!" na ce. "Kai da ko..."

"Bari, Rut tawa. Don ke ko dutse zan nome."

Kun ji fa. Mutumin da tun samartaka ƙafarsa ɗaya ce kawai ke aiki, ita ma a kan keken ɗinki.

Labari ya zaga coci kafin Lahadi. Elizabet, wata bazawara mai jan waƙa wadda ta daɗe tana kai wa Elkana ɗinkin da bai yage ba, ta tare ni a bakin rijiya.

"Yaya Rut, ki tausaya wa bawan Allah mana. Ga uwarsa a wuya, ki ƙara masa ubanki? Ni dai ba ni da tsoho, ba ni da tsohuwa. Sakayau nake."

Na yi dariya, na ɗauki tuluna. Amma har gida kalmar nan tana bina. Sakayau! Ban san rabona da fita unguwa ba tare da tunanin ko Baba ya faɗi ba. Ina son ubana, Allah ya sani. Amma ranar na yi kishin matar da ba ta da kowa, kuma kishin ya ba ni kunya.

Ran Litinin Elkana ya saɓa fartanya, ya wuce ta ƙofar gidanmu yana fito don Baba ya gani.

Hantsi bai dubi ludayi ba sai ga shi an kawo shi a kan jaki, a kife kamar buhun dawa.

"Bayana, Rut... ya kulle!"

"Wayyo masoyina! Kunya nawa ka yi?"

"Ɗaya... da rabi."

Baba ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Gidanmu ne mafi kusa, don haka a zaurenmu aka shimfiɗe shi. Mai ba da magani ya zo ya duba, ya ce ya kwanta a ƙasa kada ya motsa sai bayan ya saki.

Elizabet ta samu abin da take nema, ta tare a gidan Elkana wai za ta kula da Mama. Ba ta kai Lahadi ba. An ce Mama ta sa ta sake dama kunu har gari ya ƙare, sannan ta ce mata muryarta a coci kamar ta akuya mai naƙuda. Ta fita ko ɗankwalinta ba ta tsaya ɗauka ba.

Ni na je na ɗora Mama a bayan keke, na turo ta har gida.

"Kamaru ya shigo gida na!" Baba ya ƙwala ihu.

"Mai kunnen jaki, ashe kana nan ba ka mutu ba?"

Baba ya miƙe, shi da sai na ɗaga shi yake tashi. Ya ja sandarsa a ƙasa tun daga zaure har katangar baya, ya raba tsakar gida biyu.

"Nan Najeriya. Can Kamaru. Kowa ya zauna ƙasar shi!"

Garin fushi bai duba da kyau ba. Randar ruwa ta faɗo a Najeriya, amma bayan gida yana Kamaru.

Da la'asar na ga Baba yana mutsu-mutsu a kan tabarma. Can ya ɗauki buta ya nufi layin.

"Tsaya!" in ji Mama Kwaji. "Ina fasfo?"

"Ke tsohuwa, ki ji tsoron Allah!"

"Ka ce useko, Mama."

Useko kalmar roƙo ce da Fulatanci. Ya ce. Wallahi ya ce! Da ƙishi ya kama ta kuwa, sai da ta yi wa Najeriya kirari kafin ya bari na miƙa mata moɗa.

Haka na zama mai jinyar mutum uku. Bayan wannan, gwiwar wancan, bakin waccan. Amma na lura da wani abu. Baba da ke yini yana kallon katanga, wanda sai na yi ta lallashi yake shan rabin kwano, yanzu shi ke neman ƙari. Wai yana tara ƙarfin faɗa da Kamaru. Ni kuma in na gaji na zauna a bakin zaure, Elkana yakan miƙo hannu daga kwance ya ce, "Sannu, hasken idona." Rabon da wani ya ce mini sannu har na manta.

Da bayan ya saki, Elkana ya je ya dubo gonar, ya dawo jiki a sanyaye.

"Ba zan iya ba, Rut."

"Ko ka iya ma," na ce, hawaye na zubo mini, "ina zan bar shi in tafi? Ka koma da Mama. Mu haƙura."

Da safe ya ɗora Mama a keke. Na kawo wa Baba kunu, ya kau da kai.

Sai kawai abin ya ƙwace mini.

"Baba, na gaji! Ina son ka, amma na gaji! Ni ma mutum ce!"

Ban taɓa ɗaga masa murya ba.

Ya daɗe yana murza kan sandarsa.

"Na sani, 'ya ta," ya ce a hankali. "Ina jin ki kina nishi in kin ɗaga ni. Gona ba damuwa na ba. Ni ina zan ci dawa mai yawa haka? Tsoro na ji. In ya tafi da ke, wa zai kira ni Baba a gida nan?"

Na faɗa kan gwiwoyinsa ina kuka. Hannunsa ya sauka a kaina, kamar lokacin ina yarinya.

"Elkana, sauke ni!" Mama Kwaji ta daka tsawa daga bayan keke. "Wa ya ce ina tafiya? Ni ma na ɗauka yarinya nan zai ƙwace mini ɗa, ashe har ni zai wanke. Kuma ƙasa na ne nan. Shi ya ba ni da sandar shi!"

"Mama, namiji ya tare a gidan suruki? Mutane za su yi dariya..."

Baba ya share ido da bakin riga, ya gyara zama.

"Wa ya ce ka tare? Noma kake yi. Saurayi ba ya tafiya sai ya gama noma. Kai kuma yadda na ga aikin ka, tela, ba ka gamawa sai na mutu." Ya miƙo hannu. "Ba ni kunu. A kira fasto."

An ɗaura aurenmu bayan girbi. Ango ne ya ɗinka rigar amarya, ya kuma rage mini shekaru biyar a ƙugu. Ɗakinmu yana daidai kan iyaka, filo a Najeriya, ƙafafu a Kamaru. Tun daga nan in Baba ya kira, Elkana kan ce, "Kwanta, zuciyata, nawa ne yau."

Kowace damina yakan je ya yi kunya ɗaya da rabi, ya dawo ya ce wa Baba, "Da saura."

"To ka zauna," Baba zai ce.

Baba ya rasu bayan 'yan damuna, noman gonar bai ƙare ba. Mama Kwaji ce ta fi kowa kuka, ta ce sandar nan kada wanda ya taɓa ta.

Har yau, duk ranar da ruwan sama ya wanke tsakar gida, sai ta ja jiki ta fito da sandar Baba, ta sake zana layin tun daga zaure har katanga.