Gilashin Walda Ɗaya

Ranar da Sa'ida ta fara ganin Khamis, sai da ta toshe hanci.

Ta kawo wa babanta, Malam Ummaru mai walda, abincin rana a rumfarsa da ke Bagama. Sai ga saurayi da buhu a kafaɗa. Ya zazzage shi a ƙasa: tsohon majigi ne na gidan kallo, cike da kashin ɓera. Wani busasshen ɓera ya faɗo dab da ƙafarta.

"Malam, baban bola ne kai?" ta ce.

"Gyaran waya nake yi. Wannan sha'awa ce. Akwai wani ƙwan fitila a ciki da ake kira zinon, haskensa kamar rana. Akwatin ƙarfe nake so a haɗa masa."

"Ka fara haɗa kanka da sabulu."

Ya yi dariya. Abin haushi, ita ma ta yi.

Ba a yi wata ba, saƙo ya fara yawo tsakaninsu.

"Hasken idona, yau na samo filas, fitilar nan mai walƙiya, a cikin mataccen injin fotokwafi a Sabon Wuse. Da ya harba, ke na tuna."

"Ɗan bolana, ka wanke hannu kafin ka taɓa wayar da kake rubuto min. Na yi kewarka."

Ɗakin gwajinsa kuwa ba ya shiguwa. Tagogi a liƙe da kwali, wayoyi ko'ina, kyankyasai sun yi gida a cikin tsofaffin kyamarori. In ya kunna fitila, wani wari ke tashi mai kama maƙogwaro. Amma ƙwan fitilar nan, ba ya taɓa shi sai da farin ƙyalle mai tsabta, wai maiƙon yatsa na iya fasa shi.

Da magabatan Khamis suka nemi izinin zuwa, Malam Ummaru ya tofar da yawu.

"Ni da wuta nake ci da iyalina. Shi wasa yake da ita. Ƙato da gemu yana tonon juji don ya ga haske? Ga Almu nan shi ma yana sonta, yana aiki a Abuja, mutum tsaf-tsaf."

Almu tsaf ɗin ne, ba ƙarya. Turarensa na riga shi shiga gida, kuma ba ya iya gaisuwa ba tare da ya ambaci ofis ba.

Sa'ida ta yi kwana uku ba ta cin abin kirki. A na huɗu ta durƙusa gaban babanta.

"Baba, ku je ku gani sau ɗaya. In kun ce a'a, na haƙura."

Ranar Asabar da hantsi ita da babanta suka tafi ɗakin Khamis. Almu ya biyo su, ba wanda ya gayyace shi. Yana shiga ya ɗora hankici a hanci.

Malam Ummaru ya dubi ɗakin, ya yamutsa fuska. "Ƙazanta. To, kunna mu gani."

Khamis ya ɗauko gilashin walda. "Guda ɗaya gare ni, Baba. Ku sa, sauran mu fita waje, sai a riƙa karɓa-karɓa."

"Ajiye. Shekara talatin ina walda, idona ya saba."

"Ido ba ya sabawa, Baba. Wannan hasken yana ƙona shi kamar na waldarku."

"Ni za ka koya wa? Ka kunna, ko ka manta da hanyar gidana."

Sa'ida ta dubi Khamis, idonta ya cika. Amma Khamis ya janye hannunsa daga makunni.

"Ku yi haƙuri. Ba zan kunna ba."

Almu ya yi tsaki. "Fitila ce fa kawai. Matsoraci." Ya miƙa hannu ya danna.

Ɗakin ya koma fari fat. Khamis ya kifa wa Sa'ida gilashin a fuska, ya sha gaban tsohon da jikinsa, ya lalubi wayar wutar ido a rufe ya fizge. Malam Ummaru tuni ya runtse nasa, aikin shekara talatin. Almu kaɗai ya tsaya ya ƙura wa abin ido yana murmushi, wai shi jarumi.

Kowa ya kama gabansa.

Washegari Almu ya zo ƙofar gidan Malam Ummaru, ido jajur kamar an zuba yashi, hawaye da majina sun haɗe a gemu, yana neman a kai Khamis wurin 'yan sanda.

"Wa ya danna?" tsohon ya tambaye shi. "Je ka asibiti, kwana biyu zai sake ka. Kuma kada ka dawo. Wanda bai tausaya wa idonsa ba, ba zan ba shi 'yata ba."

Sannan ya aika aka kira Khamis. Tsohon ya ɗaga fatar idonsa na hagu, wanda ya daɗe da yin fari, ya nuna masa.

"Ubangidana ya ce min ido na sabawa. Ina da shekara sha biyar, na yarda. Kai ka ƙi, ko da za ka rasa ta." Ya tofar da yawu gefe. "Ɗakinka dai har yanzu juji ne. Ka share shi, ka turo manyanka."

Da la'asar saƙo ya shigo wayar Khamis.

"Ɗan bolana, an ce ka sayi tsintsiya."

"Har biyu, hasken idona."

Bayan ƙaramar salla aka ɗaura aure. Cikin kayan ɗakin amarya, tsakanin tukwane da kuloli, mata suka tarar da sabon gilashin walda a leda. Suka yi ta taɓe baki, wai wane irin uba ne wannan.

Malam Ummaru bai kula su ba. Ya dafa kan 'yarsa ya ce, "Yanzu kuna da biyu. Allah ya ba ku zaman lafiya, ya tsare muku ganinku har tsufa."

Khamis ne ya fi kowa ɗaga murya da amin.